A Gidan Kapambwe Ba a Tsuguno

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Lazarus Kapambwe a Mufulira, garin masu haƙar tagulla, kafin a ba shi ruwan sha an kai shi ya ga masai. Baƙo zai zauna ke nan, bai gama tambayar mutanen gida ba, sai mai gidan ya gyara murya ya ce ko yana so ya zaga? In ya ce a'a, sai a ce to ya zo dai ya ga hanya saboda anjima. Haka za a sa shi gaba har ƙarshen lungu, a buɗe ƙofa, a kunna fitila ko da rana tsaka ce. Ga abin nan fari tas na tangaran, dogo, da tankinsa can kusa da rufi da sarƙar da ake ja. Kapambwe ya koma gefe yana jiran yabo, kai ka ce shi ya ƙera shi.

An haife shi a wani ƙauye bayan Mporokoso, ya sauko ramukan tagulla yana saurayi da bargo ɗaya da takalmin aro. Shekarunsa na farko a barikin leburori ya yi su, inda layin gidaje guda ke da masai ɗaya na haɗaka, a yi jerin gwano da safe kowa na rawar ƙafa, na baya na buga wa na ciki ƙofa. Sauran mutane sun yi wannan zaman sun manta, wasu har dariyarsa suke in an haɗu a mashaya. Shi bai taɓa yafewa ba. Allah ya ba shi kyan rubutu da iya rusuna wa manya, da waɗannan biyun ya zama akawun sito. Da Turawa suka fara tattara ya-nasu-ya-nasu aka ba shi ɗan gida a kumayadi, unguwar manya, wanda wani dogon Bature ya tashi daga ciki. Saboda tsawon Baturen ne aka ɗora masai ɗin a kan dakalin siminti. Kapambwe kuwa gajere ne, in ya hau da ƙyar yatsun ƙafarsa ke shafar ƙasa, amma wannan magana tsakaninsa da Mahaliccinsa take.

A makon da ya tare ya sa aka cike ramin tsuguno da ke bayan ɗakin boyi aka shuka furanni a kai. Ya tara matarsa, Maman Mwila, da ɗansu tilo Mwila, ya rantse cewa daga ranar nan, jininsa ya gama tsuguno har abada. Abokan aikinsa sun yi ritaya wani da gona, wani da motar haya, wani da 'ya'ya a jami'a. Shi ya yi ritaya da masai. Ruwan famfo ma ya daɗe da zama baƙo a kumayadi, sai ya ga dama yake zuwa, don haka Maman Mwila ce ke ɗauko bokiti daga rijiyar maƙwabta, ta hau benci ta ɗura wa tanki, don kawai mai gida ya ja sarƙa a ji ƙara. Gadon bayan matar nan a kan haka ya ranƙwafa.

Sai Mwila ya mutu, zazzaɓi na 'yan kwanaki, ya bar matarsa Prisca da yarinya ɗaya, Chansa, wadda ta isa shiga aji ɗaya. A Kankoyo, unguwar leburori, suke zaune cikin dangin matar, abin da Kapambwe bai taɓa so ba. To a wajenmu mu Bemba, ɗa na dangin uwa ne, magana kuma ta kawu ce. Kawun Chansa shi ne Musonda, mai walda a bakin kasuwa, mutum marar yawan magana. Da aka tashi daga zaman makoki Kapambwe ya yi abin da ba wanda ya taɓa ganin ya yi, ya durƙusa gaban mai walda yana tafa hannu, ya roƙa a ba shi yarinyar ta yi makaranta a wajensa, don ita kaɗai ta rage masa daga Mwila. Musonda ya dubi ƙanwarsa, ya dubi tsohon, ya ce an ba shi, amma aro ne ba kyauta ba. In yarinya ta ji daɗi ta zauna, in ba ta ji ba masu ita suna nan.

A faɗi gaskiya, yana son yarinyar nan. In ta kira shi Shikulu, wato kaka, har wani narkewa yake. Shi ke riƙe mata jaka zuwa makaranta, shi ke goge mata takalmi, in ta yi tari sau ɗaya ya ta da hankalin gidan. Sai dai so irin na Kapambwe, sai ya wanke wa mutum ƙurar Kankoyo tukuna yake iya rungumarsa. Ya hana ta garin masara mai dusa, sai fari ƙal mai laushi. Ganyen kabewa da na rogo ya ce abincin awaki ne. Safe burodi da shayi, yamma burodi da shayi, tsakani biskit.

Ranar farko shi da kansa ya ɗaga ta ya ɗora a kan tangaran. Yarinya 'yar firit, ƙafafu na reto a sama, mazaunai na neman zurmawa ciki, ta ƙanƙame gefe da hannu biyu ta sandare. Ya ja sarƙa don ya burge ta, tanki ya yi ruri a saman kanta, ta fashe da kuka. Bayan haka sai ta samo dabara irin ta yara, in ta rufe ƙofa sai ta haye bakin abin ta tsuguna yadda ta saba. Ba a daɗe ba ya ga sawun 'yan ƙafafu a kan farin tangaran ɗinsa. Ranar ya fara zane ta da tsumagiyar gwaba, yana yi yana ce mata don amfaninta ne. Daga nan Chansa ta ɗauki hanyar da ta fi sauƙi, ta daina zuwa gaba ɗaya. In abin ya taso sai ta laɓe bayan labule ta harɗe ƙafa ta matse har ya koma.

Kafin zangon karatu ya ƙare wando ya fara ɓaci da rana, katifa ta fara wayar gari a jiƙe. Kapambwe bai sha wahalar gano ciwon ba, ya ce ƙazantar dangin uwa ce ta biyo jini. Magani ma yana da shi. Daga an ci abincin rana ba ta ƙara ganin ruwa sai gobe. Wandon da ta ɓata ita za ta wanke a tsakar gida inda masu wucewa za su gani, wai kunya ta gyara ta. Sannan a rufe ta a masai, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa da jarida yana tambaya ko an samu. A makaranta yara suka laƙaba mata suna, malama ta mayar da bencinta bakin taga. Yarinyar da ta zo da surutu ta koma in an yi mata magana sai ta kalli ƙasa. Shi kuma duk safiyar da aka shanya katifa gabansa faɗuwa yake, kada wani ɗan Kankoyo ya wuto ya kai wa Musonda labari.

Sai da zazzaɓi ya kwantar da ita, fitsari na yi mata zafi, Maman Mwila ta goya ta ta kama hanyar asibiti ba tare da neman izini ba, ya biyo su a baya yana gyara kwat. Likita ya ba da maganin zazzaɓin da wani na sassauta ciki, ya ce in ta warware a kai ta sashen gashin ƙashi. Kapambwe ya ce ko likita bai ji da kyau ba ne, yarinyar ba karaya ta yi ba. Shi a saninsa wajen nan na leburorin da dutse ya danne ne, da tsofaffin da ɓarin jikinsu ya shanye. Likita ya ce ya ji sarai, a kira na gaba.

Wadda suka samu a can wata mata ce gajera mai faɗi, Sista Jere. Tana ganin sunan da ke kan kati ta washe baki, don ita 'yar Ngoni ce, tsakaninsu da mu Bemba kuwa wasa ne tun kakanni, ko a gaban gawa suka zage ka ba ka da ikon fushi.

"Yau kuma masu cin biri ne suka sauko daga bishiya? Shigo, Baba, ga kujera, in ka iya zama a kai."

Ya ce da masu cin ɓera za su bar wa mutane asibiti da lafiya ta samu, amma a daƙile ya faɗa, don kwat ɗinsa bai saba da irin wannan tarba ba.

Ta kwantar da Chansa ta bi cikinta da tafin hannu, tana tambayar yarinyar ita kanta a hankali, ba ta ko kallon tsohon da ke ta ƙoƙarin amsawa a madadinta. Sannan ta juyo ta yi musu bayani. Hanjin yarinya ya cika ya taurare har ya daina jin komai. Abin da suke gani a wando ruwa-ruwa ne da ke zagaye taurin yana zubowa, ita ba ta ma san ya fito ba. Hanjin da ya cika kuma ya danne mafitsara, shi ya sa katifa ke jiƙa. Akwai tsoka a ƙasa wadda aikinta ta saki in an zauna, ta Chansa ta koyi damƙewa saboda tsoro, sai an sake koya mata. Ta ba yarinyar kofin ruwa da tsinken zuƙar lemo ta ce ta hura har ya yi kumfa, ta ɗora mata hannu a cibiya ta ce ta kumbura ciki kamar kwaɗo. Chansa ta hura, ruwa ya fantsamo mata a hanci, ta yi dariyar da kakarta ta daɗe ba ta ji ba. Aka nuna wa Maman Mwila yadda za ta riƙa murza mata ciki da mai, daga dama ta haura, ta ratsa, ta gangaro hagu. Aka ce ruwa ta sha ta ƙoshi da rana, a dawo da gari mai dusa da ganye.

Duk wannan Kapambwe ya haɗiye. Da ta tambayi irin masai ɗin da ke gidan kuwa sai fuskarsa ta yi haske, ya gyara zama ya fara tun daga Baturen, da tankin, da sarƙar. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta tambaya ko ƙafar yarinyar na taɓa ƙasa in ta zauna. Maman Mwila ce ta ce ba ta taɓawa. Sista Jere ta ce to a nan gizo ke saƙa. A sa mata 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu, ta ɗan zauna bayan kowane cin abinci tana hure-hurenta, ba tsawa, ba gadi a ƙofa. In ma akwai na tsuguno a bayan gida ya fi komai.

"'Yar nan," in ji Kapambwe, "har jami'a aka kai ki don ki dawo ki koya wa mutane tsuguno?"

"Ni ma abin na damuna, Baba. Da wajen kakarka aka kai ni, da kyauta ta koya mini."

Da suka koma gida Maman Mwila ta ɗauko 'yar kujerar da take zama a kai in tana tuƙa nshima, tuwonmu na masara, baƙa ƙirin da hayaƙi, an ɗaure ƙafa ɗaya da waya, ta ajiye gaban tangaran. Kapambwe ya gani ya ɗauke kai. Irin wannan ciwo ba ya tafiya da gudu, amma abu ya fara motsi. Ana jin yarinya daga ciki tana hura iska tana waƙa, wanki ya ragu, har aka yi safiyar da ba a fito da katifa ba. Sista Jere ta ce a ci gaba haka wata da watanni, kada a saki. Kapambwe ya gaya wa maƙwabta cewa horonsa ne ya fara aiki.

Sai zagayen taron 'yan fansho ya faɗo gidansa. Tsofaffin ma'aikatan rami ne, sukan haɗu su koka da tsadar rayuwa su sha munkoyo, wani kunun masara mai tsami, su watse. Ranar Kapambwe ya goge tangaran da kansa, ya manta da kujerar sam, don ido ya riga ya saba da ita. Cikin baƙin akwai Sichone, tsohon mai fasa dutse, kunnensa ya yi nauyi, in zai yi raɗa sai an ji a titi. Ya zaga ya dawo yana riƙe da ciki.

"Kapambwe, ashe shekara da shekaru lilo kake yi a kan abin nan? Gara da ka samo mataki. Tsufa ya zo, kada wata rana mu ji ka faɗo."

Falo ya kaure da dariya, har da masu share hawaye. Da namiji ne mai nauyi, da ya ce ta jikata ce, likita ya sa, magana ta mutu a nan. Amma faɗin haka na nufin ya amsa a gaban mutanen barikin da ya baro cewa jininsa na ɓata wando, kuma abin da ya yi rabin rayuwarsa yana nuna musu shi ne ciwon. Sai ya yi yaƙe ya ce aikin mata ne, sun mayar masa da gida ƙauye. Baƙi na fita ya ɗauko gatari.

Maman Mwila ta tsaya a ƙofar kicin tana kallo har ya gama faskara kujerar. Mace ce da ta yi zaman aurenta da shiru, amma ranar ta yi magana.

"Baban Mwila, aro fa aka ba ka."

Ya ce ya sani, kuma ba mai cin ɓera ce za ta koya masa riƙon jikarsa ba. Asibiti an gama zuwa. In motsa jiki ake so, shi ma ya ga yadda kuratan 'yan sanda ke yi. Washegari ya fito da Chansa baranda, ɗaga hannu, sauke hannu, tsalle, juya, yana ƙirga mata da Turanci, 'yan makaranta na wucewa suna leƙe ta shinge. Ana cikin tsallen sai fitsari ya biyo ƙafarta har cikin takalmi. Maman Mwila ta gwada kifa mata bokiti a ɓoye a madadin kujerar, ta gwada bulo, duk ya kama, don wanda ya yi ritaya ba shi da aikin da ya wuce gadin ƙofar masai. An ce girman kai rawanin tsiya, nasa kam har da kunne biyu. Kafin wata ya zagayo komai ya koma yadda yake, har ya fi.

Da hutu ya zo Musonda ya zo ɗaukarta a keke kamar yadda aka yi alkawari. Kapambwe ya sa an yi mata wanka an barbaɗe ta da hoda, amma mai walda ba hanci ya rasa ba. Ya ga yadda ta rame ciki ya fito, ya ga yadda take zama a karkace. Ya karɓi ledar burodin da aka haɗa mata ya rataye. A bakin ƙofa Maman Mwila ta raɗa masa sunan Sista Jere da ranar da ake samunta.

Hutu ya ƙare, keke bai dawo ba. Aka aiko cewa yarinya za ta yi zango ɗaya a makarantar Kankoyo, tana ganin likita. Zango ya wuce, wani ya shigo. Kapambwe ya rage cin abinci, yakan shiga ɗakinta ya zauna a bakin gado ya daɗe, kuma a nan kam ba wanda zai yi masa dariya. Daga ƙarshe ya sa kwat ya tafi karɓo abinsa.

Aka ba shi kujera a gindin mangwaro. Yana cikin jera wa Musonda da Prisca hujjoji, makarantar kumayadi, wutar lantarki, irin mutanen da yarinya za ta tashi cikinsu, sai ƙofar langa-langa da ke ƙarshen gida ta buɗe, Chansa ta fito da gwangwani a hannu. Ta wanke hannu, ta yarfe, ta ruga wajen ƙawayenta masu tsallen igiya, ba ta ma lura da baƙo ba. Kumatu sun dawo. Prisca ta ce ba a gama ba, har yanzu akan yi kuskure jefi-jefi, kullum tana murza mata ciki, Sista kuma na ganinta duk wata. Kapambwe bai ji wannan ba, ƙofar langa-langar kawai yake kallo. Ya ce sun mayar masa da jika 'yar daji.

"Lafiyayya muka ba ka, Baba," in ji Musonda. "Ka ga yadda na ɗauko ta, ka ga yadda take yanzu. Ba mu riƙe ka a zuci ba, amma aro ya ƙare."

Ya ambaci kotu, amma shi ma ya san alƙalin kawun wani ne. Prisca ce ta tausaya masa, ta ce duk Lahadi bayan coci za a kawo ta ta wuni.

Lahadin farko ya sa aka yanka kaza, ya sayo lemon kwalba, har ya ce a tuƙa gari mai dusa a yi miyar ganyen kabewa da gyaɗa, shi da bakinsa. Watan zafi ne, kwalta har narkewa take. Musonda ya sauke ta ya ce zai dawo da la'asar. Chansa ta durƙusa ta gaida kakanninta yadda aka koya mata, ta zauna a bakin kujera ta haɗa gwiwa ta ɗora hannu a kai. Aka kawo abinci ta ce ta ƙoshi. Aka buɗe lemo ta ce ta gode. Rana ta yi tsaka, leɓenta ya bushe. Kapambwe ya tashi da kansa ya ɗebo ruwa a kofin gilashin da ake ajiye wa baƙi, ya miƙa mata.

"Sha mana, uwata. Ruwa ne kawai."

"Na gode, Shikulu. In na sha zan ji fitsari. Bari sai na koma gida."

Ya ce ai nan ma gida ne. Ta gyaɗa kai, don yarinya ce mai ladabi, ba ta musu da manya, sannan ta mayar da ido kan ƙofa tana sauraren ƙarar keke.

Ta ci gaba da zuwa duk Lahadi, ba ta fasa ba har ta shiga sakandare, kuma ba ta ƙara sa ko ɗigon ruwa a bakinta a gidan nan ba. In an tambayi Kapambwe cewa yake ba mai ci ba ce, gadon ubanta ta yi. Mu da muka san Mwila a gaban kwanon nshima, ba ma ce masa komai.